Hajar da Ba a Taɓawa: Hanyoyin Samun Kuɗin Shiga ga Ƙananan Wasannin Intanet Masu Zaman Kansu

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan hanyoyin da ƙananan kamfanoni da ɗaiɗaikun masu ƙirƙirar wasannin intanet suke bi domin samun kuɗin da za su riƙe wasanninsu. An mayar da hankali ga sayar da hajar cikin wasa, sannan aka waiwayi talla da biyan kuɗin wata-wata da sayarwa kafin kammalawa da kuma gudummawa. An bi hanyar nazarin misalai, inda aka ɗauki wasanni uku daga Amurka da Niyu Zilan a matsayin madubi. Maƙalar ta nuna cewa babban jarin ƙaramin wasa shi ne amincewar 'yan wasansa, kuma tsarin da ya fi ɗorewa shi ne wanda yake barin mai biya da marar biya su ci gaba da amfanar juna.

Fitilun kalmomi: wasannin intanet, hajar cikin wasa, shiga kyauta, la'ada, akwatin sa'a

1.0 Gabatarwa

Wasan kwamfuta da ake saya sau ɗaya yana kama da littafi: da zarar an miƙa shi ga mai saye, nauyin mai sayarwa ya sauka. Wasan intanet kuwa ya fi kama da masauki da ake buɗewa dare da rana. Akwai kuɗin hayar saba, wato babbar kwamfutar da take ɗauke da wasan, da ladan masu gyaran kurakurai, da masu raba gardama tsakanin 'yan wasa, da masu shirya sabon abu domin kada gajiya ta kori jama'a. Waɗannan kuɗaɗe suna fita kowane wata, ko an yi ciniki ko ba a yi ba.

Babban kamfani yana da ƙarfin jure wannan, domin yana iya zuba kuɗi a talla ya jawo sababbin mutane su maye gurbin waɗanda suka tafi. Ƙaramin kamfani mai mutum uku ko goma ba shi da wannan gata. Tambayar da ke gabansa ita ce: me zai sayar, kuma ga wa, ba tare da ya tarwatsa taron da ya sha wahala kafin ya tara ba? Ita ce tambayar da wannan maƙala take amsawa. A nan, “masu zaman kansu” na nufin waɗanda suka ƙirƙiri wasa ba tare da wani babban kamfanin wallafa wasanni ya ba su jari ko ya juya akalarsu ba.

2.0 Ma'ana da Asalin Hajar Cikin Wasa

Hajar cikin wasa ita ce duk wani abu da ba shi da jiki a zahiri, wanda samuwarsa ta tsaya ga rumbun bayanan wasan, amma ake iya mallakarsa da kuɗi. Tana iya zama tufafi ko hula ga surar da ke wakiltar ɗan wasa, ko makami, ko dabbar rakiya, ko ƙarin wurin ajiya, ko kuɗin da ake mu'amala da shi a cikin wasan.

Tarihin wannan ciniki ya fara ne daga ƙananan wasanni. A shekarar 1997 Matt Mihaly ya buɗe wasan Achaea, wanda rubutu ne tsantsa ba hoto, kuma ana lissafa shi cikin na farko da suka riƙa sayar wa 'yan wasa kaya kai tsaye. A Koriya ta Kudu kamfanin Nexon ya jarraba tsarin shiga kyauta a wasan QuizQuiz na 1999, sannan ya faɗaɗa shi a MapleStory a 2003. A Finlan kamfanin Sulake ya fito da Habbo Hotel a shekarar 2000, inda matasa ke sayen kujeru da gadaje domin ƙawata ɗakunansu, suna biya ta hanyar saƙon waya. Ƙofar wayoyin hannu kuwa ta buɗe sosai a watan Oktoba 2009, lokacin da Apple ya amince a riƙa yin sayayya a cikin manhajojin da ake saukewa kyauta.

Masana sun bi sawun wannan al'amari da wuri. A 2001 masanin tattalin arziki Edward Castronova ya nazarci duniyar wasan EverQuest, ya nuna cewa kuɗi da kayan cikinta suna da farashi da dalar Amurka a shafukan gwanjo. Tun daga nan aka fara kallon waɗannan duniyoyi a matsayin kasuwanni da ke bin dokar buƙata da wadata.

3.0 Dalilin Saye da Matsayin Wanda Ba Ya Biya

A wani nazari na 2009, Vili Lehdonvirta ya kasa siffofin da ke sa a sayi hajar cikin wasa gida uku: amfani, kamar takobin da ya fi kaifi, jin daɗi, kamar kyawun launi da siffa, sai zamantakewa, kamar ƙarancin abu da martabar da yake jawo wa mai shi. Wannan rabe-rabe yana da muhimmanci ga ƙaramin kamfani, domin kowane kaso yana da irin tasirinsa ga waɗanda ba su saya ba.

Ta fuskar tattali, ƙirƙirar hula ta farko tana cin lokacin mai zane, amma kwafi na dubu ba ya cin komai. Darajarta ta dogara ga abu biyu: ƙarancin da mai wasan ya tsara da gangan, da idanun da za su gan ta. Babbar riga ba ta da armashi a ɗakin da babu kowa. A wasannin shiga kyauta, mafi yawan 'yan wasa ba sa biyan ko sisi, 'yan tsiraru ne ke ɗauke da nauyin. Sai dai waɗancan masu yawa su ne abokan karawa da abokan tafiya da 'yan kallo, kuma su ne ke gayyato abokansu. Idan suka watse, hajar mai biya ta faɗi warwas.

A nan ne haɗari yake. Juho Hamari da Lehdonvirta sun yi bayani a 2010 cewa tsarin wasa shi kansa yana iya haifar da buƙatar haja. Mai wasan shi ne yake kafa shinge, kuma shi ne mai sayar da tsani. Yana iya tsawaita jira ko ya tsananta wahala domin a sayi sauƙi. Wannan yana kawo kuɗi cikin hanzari, amma yana kai ga abin da 'yan wasa suke ƙyama, wato sayen nasara, inda mai kuɗi ke doke mai ƙwarewa. Misalai uku da ke tafe sun nuna yadda wasu ƙananan kamfanoni suka tunkari wannan matsala.

4.0 Misalai Uku

4.1 Kingdom of Loathing: Gudummawa Mai Tukuici

Zack Johnson ya fito da wannan wasa a Amurka a 2003. Wasa ne na barkwanci da ake yi a burauza, zanensa na 'yan sanduna ne, kuɗin cikinsa kuma nama ne. Kowane ɗan wasa yana samun adadin zagaye da zai yi a rana, abin da ke rage wa saba nauyi, yake kuma sa mutane su dawo gobe. Wasan bai dogara da talla ba. Wanda ya ba da gudummawar dala 10 yana samun wani abu da ake kira Mr. Accessory, wanda zai iya musanyawa da kayan wata, wato wani sabon abu da ake fitarwa kowane wata, a janye shi idan watan ya ƙare.

Hikimar tsarin ita ce ana iya sayar da Mr. Accessory ga wani ɗan wasa a kasuwar cikin wasan da kuɗin nama. Saboda haka wanda ba shi da dala amma yana da lokaci zai iya tara nama ya mallaki kayan watan. Kamfanin bai yi asara ba, domin kowane Mr. Accessory da ke yawo wani ne ya biya dalarsa. Wasan ya haura shekara 20 yana gudana, kuma masu shi sun ƙara wata ƙafa a 2017 da suka fitar da West of Loathing, wanda ake saya sau ɗaya.

4.2 Puzzle Pirates: Kuɗi Iri Biyu

Kamfanin Three Rings na birnin San Faransisko ya buɗe Puzzle Pirates a 2003 bisa tsarin biyan kuɗin wata-wata. A 2005 ya ƙara sababbin sabobi na shiga kyauta masu kuɗi iri biyu: na farko ana samun sa da gumi a cikin wasa, na biyu kuma, mai suna dabulun, ana sayen sa da kuɗin zahiri. Kaya masu daraja da lasisin riƙe wasu muƙamai a jirgin ruwa suna buƙatar dabulun. An kafa kasuwar canji inda 'yan wasa ke musanya kuɗin biyu bisa farashin da su da kansu suka tsayar.

Akwai darasi na biyu a wannan wasa. Tufafi da takubba suna tsufa su lalace bayan wani lokaci na amfani. Kowane tattalin arzikin wasa yana da maɓuɓɓuga, inda kuɗi ke shigowa, kuma dole ya sami magudana, inda suke fita. Idan babu magudana, kuɗi za su yi yawa, farashi ya hau, sabon shiga ya ga kasuwa ta fi ƙarfinsa. Tsufar kaya ita ce magudanar, kuma ita ce ke sa buƙata ta riƙa sabuntuwa. Kamfanin Sega ya sayi Three Rings a 2011.

4.3 Path of Exile: Ado Ba Ƙarfi Ba

An kafa Grinding Gear Games a birnin Okland na Niyu Zilan a 2006, kuma daga cikin waɗanda suka kafa shi akwai Chris Wilson da Jonathan Rogers. Wasansu ya fito a kammale a watan Oktoba 2013. Tun farko suka yi alkawarin ba za su sayar da ƙarfi ba, sai kayan ado da ƙarin wurin ajiya. Kafin kammala wasan sun tara kuɗin aiki ta hanyar ƙunshin magoya baya masu farashi hawa-hawa, ciki har da na dala 1,000 wanda ya bai wa mai saye damar tsara wani kaya na musamman da zai shiga wasan kowa ya iya samu. Sun kuma tsara sababbin zanguna da ake buɗewa bayan 'yan watanni, inda kowa ke farawa daga tushe. Kowane zango yana dawo da tsofaffin 'yan wasa, tare da su kuma ciniki ke dawowa.

Duk da haka tsarin bai kuɓuta daga suka ba. Masu yawan ciniki a wasan suna ganin ƙarin wurin ajiya ya zama kamar wajibi, wanda ke nuna cewa iyakar da ke tsakanin sauƙaƙawa da fifiko siririya ce. A 2018 kamfanin Tencent na ƙasar Sin ya sayi mafi rinjayen hannun jarin kamfanin. Makomar Three Rings da ta Grinding Gear sun nuna cewa nasara kanta tana iya kawo ƙarshen zaman kai.

5.0 Sauran Hanyoyin Samun Kuɗi

Talla ita ce hanya mafi sauƙin farawa, domin ba ta neman ɗan wasa ya zaro komai. Wasan Slither.io, wanda Steve Howse ya fitar a 2016, yana nuna talla bayan an ci ɗan wasa, kuma wanda ya gaji da ita yana iya biya a cire masa. Rauninta shi ne tana buƙatar taro mai yawan gaske, kuma farashinta yana hannun wasu. Wasan RuneScape, wanda 'yan'uwa Andrew da Paul Gower suka buɗe a Ingila a watan Janairu 2001, ya fara ne da dogaro da talla. Da kasuwar tallan intanet ta karye a wancan lokaci, sai suka fito da rajistar dala 5 a wata a Fabrairu 2002, suka bar wani sashe na wasan kyauta. Kuɗin wata-wata yana bai wa kamfani damar yin ƙiyasin abin da zai shigo, amma yana ɗora masa nauyin fitar da sabon abu ba fashi.

Hanya ta uku ita ce sayarwa kafin kammalawa. Markus Persson na Suwidin ya fara sayar da Minecraft a 2009 a kan kimanin yuro 10, wasan yana ɗanye, ya yi amfani da kuɗin wajen ci gaba da gina shi. Ta huɗu ita ce gudummawa zalla. Shafin wasan ces na Lichess, wanda Thibault Duplessis na Faransa ya kafa a 2010, ba ya sa talla kuma ba ya sayar da komai a cikin wasan. Mai ba da gudummawa yana samun 'yar alamar fuka-fuki ce kawai kusa da sunansa.

Wasu suna haɗa hanyoyi da yawa. Wasan Among Us, wanda kamfanin Innersloth na mutum uku ya fitar a 2018, kyauta ne a waya, ana sayen sa dala 5 a kwamfuta, sannan ana sayar da huluna da dabbobin rakiya. Bai yi tashe ba sai a 2020, lokacin da masu watsa wasanni kai tsaye suka ɗauke shi. Rashin shingen kuɗi a waya ya sa kowa ya iya gayyatar abokinsa.

Tsari mai adalci shi kaɗai ba ya wadatarwa. Wasan Glitch na kamfanin Tiny Speck, ƙarƙashin Stewart Butterfield, ya dogara da kayan ado da rajista, kuma yana da masoya na haƙiƙa, amma an rufe shi a Disamba 2012 saboda yawan 'yan wasan bai kai ya ɗauki nauyin ma'aikata ba. Manhajar Slack ta samo asali ne daga kayan sadarwar da ma'aikatan suka gina wa kansu. Dole girman kamfani ya dace da girman taronsa.

6.0 La'adar Dandali da Hanyar Biya

Kuɗin da ɗan wasa ya biya ba duka ke isa hannun mai wasa ba. Dandalin Steam yana karɓar kashi 30 cikin ɗari, kuma rangwamen da ya fito da shi a 2018 yana farawa ne bayan cinikin dala miliyan 10, matakin da ƙananan wasanni kaɗan ne ke kaiwa. Shagon Epic ya buɗe a Disamba 2018 da la'adar kashi 12. A 2021 Apple ya rage tasa zuwa kashi 15 ga waɗanda cinikinsu bai haura dala miliyan 1 a shekara ba, Google ma ya yi irin wannan rangwame a kan miliyan na farko. Dandalin itch.io, wanda Leaf Corcoran ya kafa a 2013, yana barin mai wasa ya zaɓi la'adar da zai bayar, inda ma'aunin farko yake kashi 10. Ke nan daga cinikin dala 10, mai wasa zai tashi da dala 7 a tsarin kashi 30, ko dala 8.50 a tsarin kashi 15, kafin a cire haraji. Wasan da ke gudana a burauza yana kauce wa wannan la'ada, amma yana rasa kwastomomin da shagunan ke kawowa.

Hanyar biyan kuɗi ma matsala ce mai zaman kanta. A ƙasashen Afirka da dama, katin banki da ke aiki a shagunan ƙetare bai wadata ba, alhali tura kuɗi ta waya ya zama ruwan dare a ƙasashe irin su Gana da Kamaru. Wannan giɓi ne kamfanin Carry1st, wanda aka kafa a 2018, yake cikewa ta hanyar bai wa 'yan wasa damar sayen haja da hanyoyin biya na gida. Haka nan masu talla suna biyan kuɗi kaɗan a kan mai kallo a Afirka idan aka kwatanta da Amurka ko Turai. Duk mai niyyar ƙirƙirar wasa domin masu jin Hausa, kamar dara ta intanet, sai ya sanya waɗannan abubuwa biyu a lissafinsa tun kafin ya fara.

7.0 Iyakokin Doka da Ɗa'a

Hanyar da ta fi jawo ce-ce-ku-ce ita ce akwatin sa'a, inda ɗan wasa ke biyan kuɗi ba tare da sanin abin da zai fito masa ba. A 2012 hukumar kare masu saye ta Japan ta haramta wani nau'insa, wanda sai an haɗa cikakken jerin kaya ta hanyar ƙuri'a kafin a sami babbar kyauta. Daga watan Mayu 2017 ƙasar Sin ta wajabta bayyana yiwuwar samun kowane kaya, Apple ma ya sanya wannan sharaɗi a ƙarshen shekarar. A Afrilu 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa akwatunan da ake saya da kuɗi a wasu wasanni caca ce. Ga al'ummar Musulmi akwai ƙarin abin dubawa, domin cinikin da mai saye bai san abin da zai karɓa ba yana taɓa babin garari da malaman fiƙihu suka yi bayani a kansa.

Batun yara shi ne na biyu. A 2014 Apple ya amince ya mayar da aƙalla dala miliyan 32.5 ga iyayen da 'ya'yansu suka yi sayayya ba da izininsu ba. A Disamba 2022 kamfanin Epic ya amince da biyan dala miliyan 520 a sulhunsa da hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka, inda miliyan 245 daga ciki na mayarwa ne ga waɗanda aka caje su ta hanyoyin da suka ruɗe su. Manyan kamfanoni sun biya sun ci gaba da harkokinsu. Ƙaramin kamfani kuwa ƙara ɗaya ko korarsa daga shago ɗaya ta isa ta durƙusar da shi. Kwaɗayi, in ji Hausawa, mabuɗin wahala ne.

8.0 Kammalawa

Misalan da aka kawo sun yi tarayya a kan abubuwa huɗu. Na farko, an bayyana farashi da abin da za a samu tun kafin a biya. Na biyu, an bar wa marar kuɗi hanyar cim ma abin da mai kuɗi ya samu, ko kuma an taƙaita ciniki ga abin da ba ya sauya sakamakon gasa. Na uku, an tsara fitar da sabon abu lokaci bayan lokaci, domin kuɗin shiga ya riƙa tafiya daidai da kuɗin fita. Na huɗu, ba a dogara da hanya ɗaya ba, domin farashin talla da la'adar dandali da dokokin ƙasashe duk suna sauyawa ba tare da shawara da ƙaramin kamfani ba.

Daga wannan za a fahimci cewa zaɓen hanyar samun kuɗi wani ɓangare ne na tsara wasan kansa, kuma tun ranar farko ake yanke shi. Hajar cikin wasa alkawari ce da mai wasa ya ɗauka cewa sabar za ta ci gaba da aiki, kuma abin da aka saya yau ba za a zubar da darajarsa gobe ba. Ɗan wasan da ya yarda da wannan alkawari yana biya yana kuma jawo wasu. Akwai buƙatar ƙarin bincike a kan yadda masu jin Hausa a gida da ƙetare suke kashe kuɗi a wasannin waya, da hanyoyin biyan da suke amfani da su, da kuma irin hajar da ta dace da al'ada da addininsu.